Minti Uku

Shekara goma sha huɗu ina goga mata kaki
a rumfar katako da ke bayan filin tsere,
tun biyar na asuba, fitila ɗaya, hayaƙin dutsen guga.
A nan Finlan rana marowaciya ce da hunturu,
takan leƙo da azahar kamar wadda ake bi bashi, ta koma.

Vilja Rautakoski.
Na fara ganinta tana da sha bakwai,
ta faɗi sau biyu a kwana ɗaya ta gangare,
ta tashi da ƙanƙara a gira,
ta zagi sandarta, ba ta zagi kowa ba.
Na ce wa kocinta, wannan sai ta hana mu barci.

Nawa aikin allunan ƙafarta ne, sirara, dogaye.
Nakan damƙi dusar ƙanƙara in murza a tafi,
in ji ko gari ce yau, ko gishirin da ya sha laima,
sannan in zaɓi kaki, shuɗi ko ja.
In na kuskure da kaurin farce
ƙaramin tudu sai ya zame mata dutse.

Tseren duka minti uku ne.
Ko shayi bai huce ba an gama.
Amma ta biya shi da kowace bazara ta ƙuruciyarta,
gudu a fadama, sauro na cin wuyanta,
hawan tudu da sanduna babu ko ɗigon ƙanƙara.
Bikin ƙanwarta ma a waya ta kalla.

Su shida ake saki. Biyu su wuce,
sauran su je su nemi rigunansu.

Na tuna daren da ta ci.
Fitilu, ƙararrawar shanu a hannun 'yan kallo,
numfashin mutum dubu ashirin yana tashi fari.
Ita da wata 'yar Norway suka iso layi kafaɗa da kafaɗa,
ta wurga ƙafa gaba har ta tsage ƙasa,
aka tsaya jiran hoto.
Babban yatsa. Da shi ta ci.
Ta kwanta tana amai, tana dariya.

Amma ba wannan daren ke tashe ni ba.

Shekara biyu bayan haka, gasar da ta fi kowace,
saura minti ashirin sai iska ta juya,
sabuwar dusa ta fara zuba, mai laushi, mai danƙo.
Na gani. Na ce ai za ta tsaya. Ban sake kakin ba.
A tudun ƙarshe ƙanƙara ta manne mata kamar tuwo,
ina kallo biyar suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya.
'Yan jarida suka tare ta, leɓenta shuɗi,
ta ce, "Ƙafafuna ne ba su zo ba yau."
Daga ranar har gobe ba ta ɗaga mini zancen ba.
Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Sai gwiwa ta fara magana.
Sai yara suka taso, waɗanda suka girma da hotonta a bango,
ba sa jin kunyar wuce ta a kwana.

Ranar ƙarshe ta zo ta huɗu a zagayen farko.
Babu ganga, babu jawabi.
Ta shigo rumfa, ta jingine allunan,
ta ce, "Kankare su, Tapani. Yau sun yi daidai."

Na kankare. Kakin ya zuba ƙasa kamar ɓawon albasa.

Yanzu tana koya wa yaran ƙauyensu yadda ake faɗuwa.
Ni kuwa har yau, in na fito da asuba,
hannuna ne ke riga ni sunkuyawa,
ya damƙi dusar bakin ƙofa, ya murza,
ya ce mini: shuɗi.